Rafalin haya a Zariya: aikinsu ya biya kuɗinsa, amma sai kun ɗaure bakin ciyamomi

Masu shirya gasar ƙwallo a unguwanni musamman nan cikin Zariya da kewaye, ga abinda na gani game da ɗauko rafali na haya, ina nufin waɗannan alƙalan wasan da sukayi kwas suke da takarda, masu zuwa su uku da kayan aikinsu. Ina cikin kwamitin da ya shirya gasar unguwanninmu da muka kammala kwanan nan, nine mai riƙe da littafi da jadawalin wasanni, saboda haka duk wasan da aka buga ina bakin layi kuma ta hannuna kuɗinsu yake fita. A taƙaice aikinsu yayi, kuma in Allah ya kaimu baɗi su zamu sake kira. Amma akwai sharaɗi guda wanda in baku cika shi ba toh kuɗinku kawai zaku zubar, shine ku nemo yadda zaku hana ciyamomin ƙungiyoyi fitowa bainar jama'a suna yaga rafali bayan wasa, domin da idona naga yadda maganar ciyaman ɗaya ta ɓata busan mutanen nan a wasanni mafi muhimmanci na gasar.

A da abinda mukeyi shine mu samu wani tsohon ɗan ƙwallo a unguwa mu miƙa masa usur, lasman kuma duk yaron da ya yarda ya riƙe ganye ko hula shikenan. Kowa yasan ƙarshen wannan, ƙaninsa na cikin fili ko surukinsa ne koci, ko da ya busa gaskiya babu mai yarda. Shi yasa bana muka ce a nemo na waje. Suna da wani babba a cikinsu da yake raba musu wasanni, shi ake kira a waya a bashi jadawali, shi kuma ya turo mutum uku kowace rana, kuma yana ƙoƙari kada ya turo ɗan unguwar da take da wasa. Wasu daga Samaru suke zuwa wasu Sabon Gari wasu Tudun Wada, akwai ɗalibai a cikinsu akwai malaman makaranta akwai mai ɗinki, babu wanda busa ce take ciyar da gidansa, ɗan abinda za'a samu ne na cefane da kuma sha'awar abun.

Kuɗin a kan kowane wasa ake yankewa kuma har da kuɗin mashin a ciki, in filinku yana da nisa kamar can bayan Dan Magaji ko hanyar Shika toh zasu ɗan ƙara, ruwan sha kuma naku ne. Gaskiya in aka raba shi a kan ƙungiyoyi cikin kuɗin rajista ba wani abu bane mai nauyi. Abinda ya fara burge ni shine tun ranar farko babban nasu yace kuɗi daga hannun kwamiti kawai zasu karɓa kuma kafin a take wasa, babu ruwansu da wani ciyaman ko koci da zai ce bari in biya muku mashin ko ga na lemo. Akwai ranar da wani Alhaji cikin masu ƙungiya ya miƙa wa lasman kuɗin fiyawata da zuciya ɗaya, yaron ya rusuna yace Alhaji na gode Allah ya saka da alheri amma an hana mu, ka baiwa kwamiti. Wannan kaɗai ya kashe rabin gulmar da muka saba ji duk shekara.

Wajen lokaci ma ba laifi. Mu bayan la'asar muke farawa kuma dole a tashi kafin magariba, ga hunturu rana bata daɗewa, sai suka bamu shawara a rage kowane rabi zuwa minti 35 a rubuta a dokar gasa kowa ya sa hannu, maimakon a riƙa yanke wasa a tsakiya saboda duhu ana rigima. Suna riga 'yan wasa isowa, su zagaya fili su duba raga, inda layin toka ya goge su sa a sake zubawa, su duba takalma, su sa a cire zobe da sarƙa da agogo har da kambun da wasu ke ɗaurawa a damtse. Suna da tuta ta gaske da katuna da agogo da ɗan littafin rubuta sunaye. Kafin take wasa rafali zai kira kyaftin biyu ya gaya musu cewa in akwai ƙorafi a kan babban hukunci kyaftin kaɗai zai zo wajensa, wannan tsarin da aka gani a gasar Turai ta 2024, kuma sun san sabuwar dokar gola ta daƙiƙa 8, in gola ya wuce haka da ƙwallo a hannu kona ake bayarwa, rafali na ɗaga hannu yana ƙirga biyar ɗin ƙarshe da yatsu. Ranar da aka fara busa ta a filinmu mutane sun tashi da ihu suna cewa wannan wace irin doka ce, sai da wasu samari masu bin Firimiya suka ce ai haka take yanzu sannan aka zauna.

Zagayen farko gaba ɗaya haka ya tafi, busa mai ƙarfi babu tsoro. An bada jan kati a wasan da ake ganin ba za'a iya ba, an bada fenariti a kan masu gida a gaban dattawan unguwarsu, har koci ɗaya ya sha yalon kati a benci saboda yawan shiga fili, domin tun 2019 doka ta yarda a nuna wa masu benci kati. Yara sun fara gane cewa in ka ɗaga ƙafa za'a hukunta ka ko ɗan waye kai, wasa yayi tsafta, ni kaina na daina zuwa fili da faɗuwar gaba.

Toh sai kwata fainal. Ƙungiya ɗaya daga cikin birni ɗaya daga ɓangaren Sabon Gari, ana kunnen doki saura ƙiris a tashi, aka bugo ƙwallo ta daki hannun ɗan baya a cikin da'ira, rafali yana kusa ya busa fenariti, aka ci, aka tashi. A fili ba'a yi wani tashin hankali ba, 'yan surutai ne kawai irin na wanda aka cire. Da daddare ne ciyaman ɗin ƙungiyar da aka cire, mutum babba mai kuɗi mai mutane wanda shi yake saya wa yaran jesi da takalma, ya saki murya a guruf ɗin WhatsApp na gasar, ya kuma rubuta a Facebook ya ɗora hoton rafalin. Bai tsaya a cewa hukuncin kuskure bane. Cewa yayi an saye shi, wai yasan nawa aka bashi, ya faɗi unguwar da yake zaune, ya faɗi cewa malamin firamare ne, yace daga yau duk inda aka turo wannan mutumin ƙungiyarsa baza ta buga ba. Bai kawo shaida ko ɗaya ba har yau da nake wannan rubutun. Kafin gari ya waye muryar ta zagaye guruf guruf, har wani ɗan'uwana da yake Kaduna ya turo min yana tambaya wai gaskiya ne.

Na kalli bidiyon da wani ya ɗauka da waya. Hannun yaron a buɗe yake nesa da jikinsa, ƙwallon kuma daga kusa aka bugo ta, irin wadda wani rafalin zai bayar wani ya bari, ni a ganina bayarwa tafi kusa da daidai amma wanda yace a'a ma bazan ce masa mahaukaci ba. Wannan gardama ce ta ƙwallo kuma halal ce, a yi ta a teburin mai shayi har dare. Cewa an ci kuɗi kuwa wata magana ce daban, ƙazafi ne a kan mutum mai iyali.

Yanzu ga abinda yasa na zauna rubuta wannan. Rafalin da abun ya shafa bai sake zuwa ba, babban nasu yace ya nemi a ɗauke masa filinmu domin yaran ajinsa sun fara yi masa waƙa da maganar kuma matarsa taji a gidan biki. Waɗanda suka cigaba da zuwa kuwa wallahi kamar ba su ba. Mutanen da sati biyu baya suke nuna tabon fenariti ba tare da waiwaye ba, yanzu in aka kwashe ɗan gaba a kan layin da'ira sai kaga an janyo ƙetar waje an bada firikik, ko rafali ya buɗe hannu yace a cigaba alhali kowa yaji ƙarar ƙafa. In ya bada hukunci mai zafi a kan wannan ɓangaren, cikin minti kaɗan zaka ga ya nemo wani abu ya baiwa ɗaya ɓangaren don a daidaita, wanda shi kansa zalunci ne na biyu a kan na farko. Yalon kati na biyu ya ɓace gaba ɗaya, ɗan wasa yana da kati zai yi ƙetar da ta cancanci wani sai dai a kira shi a yi masa nasiha. Lasman ɗin da yake ɓangaren 'yan kallo na lura kafin ya ɗaga tutar satar gida sai ya saci kallon bayansa. Ƙarin lokaci ma aka riƙa guntule shi, in wasa na ɗaya da nema ko kunnen doki rafali so yake kawai ya busa tashi ya hau mashin kafin wani abu ya faru a hannunsa.

Kuma yara suna da wayo, nan da nan suka gane. Sauran wasannin kwata fainal da sami fainal na farko dukan ƙafa ya dawo, aka koma sharar ƙafa ta baya, a nan ne wani yaro ɗan tsakiya mai kyawun wasa ya samu targaɗe mai muni a idon sawu daga wanda ya kamata ace tun kafin hutun rabin lokaci yana waje da kati biyu. Mahaifin yaron ya zo ya same mu a bakin fili yace 'ya'yana ku da kuka ɗauko alƙalai da kuɗi meye amfaninsu in za'a karya min yaro suna kallo, babu wanda ya iya bashi amsa a cikinmu. Ciyaman ɗin da yayi maganar ƙungiyarsa ta riga ta fita, bai rasa komai ba, yaron wani ne ya biya.

Abu na biyu da ya biyo baya shine sauran ciyamomi sun ɗauki darasi amma ba mai kyau ba. Sun ga cewa ihu na aiki, mutum yayi magana an canza rafali, toh sai kowa ya fara nasa tun kafin wasa. Ana gobe sami fainal sai ga sitatus, wai muna sane da shirin da akeyi mana, muna kallon rafalin gobe. Babu abinda ya faru tukuna amma an riga an ɗora wa mutum laifi, ya shigo fili yasan duk abinda ya busa a kan waɗannan za'a ce ai dama mun faɗa. A irin wannan yanayin ko waye zai ji hannunsa yayi nauyi wajen kai usur baki.

Ni ina ganin a talabijin mutanenmu suka koyo wannan, domin duk muna zaune a gidajen kallo muna ganin manyan Turai nayi. A Afrilun 2024 bayan Everton ta ci Nottingham Forest 2 da nema, kulob ɗin Forest da kansa ya fito a shafinsa yace an hana su fenariti uku kuma wai sun gargaɗi hukumar alƙalai cewa mai kula da VAR ɗin, wato alƙalin da ke duba bidiyo, ɗan goyon bayan Luton ne, wadda suke tseren tsira daga faɗuwa da ita, ƙarshe tarar fam 750,000 aka ci su. Real Madrid tana da tashar talabijin tata da take haɗa bidiyon kurakuran rafali kafin ya busa musu wasa, har ana gobe fainal ɗin Copa del Rey na 2025 a Sevilla rafalin wasan De Burgos Bengoetxea ya fashe da kuka gaban 'yan jarida yana bada labarin yadda ake gaya wa ɗansa a makaranta cewa ubansa ɓarawo ne. Lokacin da na ga wannan na ɗauka abun nesa ne, sai gashi irinsa sak ya faru da malamin firamare a Zariya, bambancin kawai shi wancan yana da albashi mai kauri da jami'an tsaro, namu kuwa shi kaɗai zai bi lungu ya koma gida a mashin. A Faransa shugaban Marseille na lokacin Pablo Longoria ya kira abun cin hanci bayan Auxerre ta ci su 3 da nema a Fabrairun 2025, aka dakatar da shi wasa 15. Turkiyya kuwa inda shugabannin kulob suka mayar da zagin rafali abincin kowane mako, can ne a Disambar 2023 shugaban Ankaragucu Faruk Koca ya shiga fili ya naushi rafali Halil Umut Meler a fuska bayan an tashi 1 da 1 da Rizespor, aka tsayar da lig ɗin ƙasar gaba ɗaya, aka kore shi daga ƙwallo har abada, kotu kuma ta yanke masa ɗauri. Abun ya kai a Fabrairun 2025 wasan Galatasaray da Fenerbahce sai da aka ɗauko rafali daga Slobeniya, Slavko Vincic, domin babu ɗan ƙasa da ɓangarorin biyu zasu yarda da shi. Ƙasa guda mai lig babba ta rasa wanda zai busa mata wasanta mafi girma, ba don babu masu iyawa ba sai don an riga an shafa wa kowa baƙin jini.

Wani zai ce ai 'yan kallo ma suna zagi meye na ware ciyaman. Akwai bambanci babba. Ɗan kallo in yace rafali ɓarawo kowa yasan zafin kaye ne, gobe ya manta. Ciyaman kuwa ana ɗaukarsa wanda yasan ciki, yana zama da kwamiti, yana da lambar manya, in yace an bada kuɗi yaran unguwa ji suke ya gani da idonsa, kuma yaran nan da yake saya wa takalma a shirye suke su nuna masa biyayya ta kowace hanya. Maganarsa izini ce ko bai nufa ba. Shi yasa abinda Ahmed Musa yayi ya zauna min a rai, lokacin da magoya baya suka afka fili a Kano a Oktoban 2025 bayan wasan Kano Pillars da Shooting Stars aka taɓa alƙalan wasa, hukumar lig ta cire wa Pillars maki 3 ta ci ta tara, shi a matsayinsa na janar manaja fitowa yayi ya bada haƙuri, bai tsaya neman laifin rafali don ya wanke mutanensa ba. Babba haka ya kamata yayi, in ya buɗe baki wuta ta ragu ba ta ƙaru ba.

Kada kuma a ɗauka ina cewa waɗannan alƙalan namu basu da nasu, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Na ɗaya basa bayani, rafali zai busa ya nuna hannu ya juya baya, kyaftin ya zo da ladabi yana tambaya sai yace masa koma kawai, alhali kalma biyu zata kashe wutar. Akwai lasman ɗaya da gaskiya ƙafarsa bata kai, in aka yi saurin kai hari yana baya da nisa yana hasashen satar gida, mun yi ƙorafi a kansa amma aka sake turo shi. Rahoton wasa da ya kamata su bamu a rubuce a ranar sai mun bi su da waya, wanda hakan yasa mun taɓa rikicewa a kan waye yake da kati biyu da bazai buga wasa na gaba ba. Babban kuskurensu a wajena kuwa shine yadda babban nasu yayi shiru da aka ci mutuncin mutuminsa, bai rubuto mana takarda ba, bai ce baza mu sake turo kowa ba sai an janye magana, kawai ya canza mutum aka cigaba. Na gane yana gudun rasa aiki ne da kuma gudun faɗa da mai kuɗi, amma shirun nan ne ya nuna wa sauran yaransa cewa in ta ɓaci kowa tasa ta fishshe shi, shi yasa suka koma busan kare kai.

Kuma ban ce babu rafalin da ake saye a duniya ba. Ko a Sifaniya kotu ta buɗe bincike a kan kuɗin da Barcelona ta biya kamfanonin Negreira, tsohon mataimakin shugaban kwamitin alƙalan wasa, sama da yuro miliyan 7 tsakanin 2001 da 2018, kuma duk mai bin lig ɗinmu na gida ya san dalilin da yasa mutane basa mamaki in masu gida suka samu fenariti a minti na ƙarshe. Zargi yana da inda ya samo asali. Amma wanda yake da hujja akwai inda ake kai ta, ka rubuto wa kwamiti, ka kawo wanda ya gani ko saƙon waya ko alat na banki, a zauna a bincika, in ta tabbata mu da kanmu zamu kai sunansa inda aka bashi takarda. Wanda yake da hujja baya buƙatar hoton mutum da sunan unguwarsa a Facebook.

Kafin fainal muka ce abun ya isa. Muka samu wani dattijo da kowa ke jin nauyinsa, tsohon ɗan wasa ne kuma limami ne a masallacin unguwa, ya tara ciyamomin duka a zauren gidansa har da wanda yayi maganar. Bai ɗaga murya ba, cewa yayi Alhaji kai babba ne, yaran nan kai suke kallo, in kana da shaida ga kwamiti ka ajiye, in babu toh kaji tsoron Allah ka goge, mutuncin musulmi ba abun wasa bane. Alhajin yace Baba ai zuciya ce, ya goge rubutun a gabanmu, amma bai yarda ya sake sakin murya ya janye ba, kuma bai kira malamin ya bashi haƙuri ba, wanda ni a wajena shine ya fi muhimmanci tunda muryar farko tana nan a wayoyin mutane. Duk da haka a zaman aka amince cewa daga ranar duk shugaban ƙungiya ko koci da ya ambaci rafali a bainar jama'a kafin wasa ko bayansa, ƙungiyarsa ta rasa kuɗin ajiyarta kuma shi bazai zauna a benci ba, ciyamomin ƙungiyoyi biyun da suka kai fainal suka sa hannu.

Ranar fainal muka ja igiya zagaye da fili, muka samu 'yan sintiri suka tsaya bayan lasman biyun, muka sa rafali na huɗu a tsakanin bencina, sannan kafin take wasa ciyamomin biyu suka shiga tsakiya suka gaisa da alƙalan a gaban kowa, ɗaya ya karɓi lasifika yace wa magoya bayansa duk abinda aka busa mun yarda, wanda ya shiga fili ba namu bane. Bambancin a bayyane yake. Rafalin ranar wanda a sami fainal na ga yana kauce wa hukunci, shine ya bada fenariti tun farkon wasa a kan ƙungiyar da tafi yawan jama'a, ya kuma kori ɗan bayan ɗaya ƙungiyar da kati na biyu bayan an dawo hutu, duka biyun daidai ne, an yi ihu an yi tsaki amma babu wanda ya tsallake igiya. Mutum ɗaya ne, iliminsa bai ƙaru ba cikin 'yan kwanaki, abinda ya canza kawai yasan in ya busa babu babban da zai miƙa shi ga yara da daddare.

Toh ga mai son ɗaukarsu, ku kira babban nasu da wuri tun kuna haɗa jadawali domin lokacin hutun makarantu da bayan sallah gasa tana yawa kuma ƙwararrun cikinsu ana rububinsu. Ku nemi ya baku sunayen waɗanda zai riƙa turowa ku ajiye a wajen kwamiti kawai, kada ku sanar da wanda zai busa wasa sai ranar, wannan yana rage sitatus ɗin dare. Ku sa a yarjejeniya cewa rahoton wasa a bakin fili za'a miƙa shi kafin su tafi, kuma in kun ga lasman da baya iya gudu ku faɗa tun a zagayen farko ku dage. Dokar bakin ciyamomi kuwa kada ku jira sai abu ya faru kamar yadda ya same mu, ku sa ta a takardar rajista tare da kuɗin ajiya mai ɗan ciwo, ku kuma buɗe ƙofar ƙorafi a rubuce cikin awa 24 domin wanda aka cuta da gaske ya samu inda zai kai kukansa, kuma in an kawo ku zauna a kai da gaske ku bada amsa.

Babban nasu ya riga ya gaya mana cewa baɗi duk filin da babu igiya da masu tsaro daga kwata fainal zuwa sama baza su karɓi aikin ba, kuma zasu ƙara kuɗin rafali na huɗu a lissafi, mun ce mun yarda. Mun kuma roƙe shi ya dawo mana da malamin nan ya busa wasan buɗe gasa, yace zai gaya masa amma bazai tilasta shi ba.